Kwamfutoci Goma Sha Biyu da Data Guda: Gwajin da Na Yi wa apt, dnf da pacman

Bayan damina ta bara aka damƙa mini kula da ɗakin koyar da kwamfuta na wata ƙaramar cibiya a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato, inda muke da tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu da data guda da muke saye wata-wata. Kafin in zaɓi nau'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da za mu tsaya a kai, na ware kwamfutoci uku na ɗora musu Debian da Fedora da Arch, domin in gwada apt da dnf da pacman, wato kayan aikin da kowannensu ke girka manhaja da sabunta ta da su.

Da farko sauri nake aunawa, kuma pacman, wanda Judd Vinet ya rubuta wa Arch a 2002, ya yi wa sauran fintinkau. Sai dai sati biyu ba su cika ba na gane cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. Arch kullum cikin sabuntawa yake, kuma masu kula da shi ba su yarda a sabunta wani ɓangare a bar wani ba, don haka duk manhajar da ɗalibi ya nema tana iya jawo saukar da kaya masu yawa. Shi kuwa dnf, wanda ya gaji tsohon kayan aiki mai suna yum a Fedora 22 a shekarar 2015, yakan tsaya sauko da jerin kayan rumbunsa kafin ya taɓuka komai, kuma jerin nan ba ƙarami ba ne idan layi yana jan ƙafa. Duk da haka ina yaba masa umarnin dnf history undo, wanda ya mayar mini da injin yadda yake ranar da na cire abin da bai kamata ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne makomar fayil bayan an girka shi. pacman yana ajiye duk abin da ya sauko har sai faifai ya cika, dnf yana gogewa sai an hana shi, a Debian kuma tsohon umarnin apt-get yana ajiyewa amma apt yana gogewa, bambancin da ban sani ba sai da na je da filashi in kwashe manhajar ofis ta LibreOffice na tarar da wurin ajiyar fayau.

Wata ranar Laraba da azahar wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, janareta kuma babu mai. Da ta dawo, Debian da kansa ya gaya mini in buga dpkg --configure -a, ya ƙarasa aikinsa. A Arch sai da na goge fayil ɗin kulle mai suna db.lck da hannu, sannan na sake girka abin da ya yanke, gumi na zuba mini a kan allon rubutu.

A ƙarshe Debian na zaɓa, na sa apt-cacher-ng a kan kwamfuta ɗaya, ta yadda kowane ƙunshin manhaja sau ɗaya yake shigowa daga waje, sauran goma sha ɗayan su ɗauka daga gare ta. Kwamfutar Arch kuwa na bar ta a kusurwa, saboda wani ɗalibi ya ce mini, "Malam, don Allah a bar mini ita, a kanta nake koyon gyara."