Sai bayan Yuni

Talata.

Garin nan ya sake jiƙewa. Ba ruwan sama ba ne, damshin nan ne na watan Maris da mutanen Guangzhou, a nan ƙasar Sin, ke kira huinantian. Bango na zufa, madubi ya yi hazo, kayan Hanif da na shanya tun shekaranjiya har yanzu ɗanye sharkaf. Na rufe tagogi ruf yadda Maman Ilham ta koya mini, duk da haka tayil ɗin falo sai da ya kayar da yaron nan. Ya yi kukansa, ya tashi ya ci gaba da ɓarna.

Abban Hanif ya fita tun duku-duku, wai a Foshan za a loda kwantenar Alhaji. Da rana na leƙa unguwar Xiaobei na sayo naman rago. Ya ƙara kuɗi. Na yi miyar kuka da ragowar wadda Umma ta aiko, raina fes, har da 'yar waƙata a kicin.

Bayan isha'i Xiaoyu, 'yar maƙwabciyarmu da nake taya karatun Turanci, ta ƙwanƙwasa, da kayan makarantarta a jiki, ko gida ba ta shiga ta canza ba. Jakar nan tata sai da ta sa hannu biyu ta sauke ta. Ta ce makon jiya makarantarsu ta tara 'yan ajin ƙarshe a fili, aka ɗaga jan kyalle, suka yi rantsuwar kwana 100 kafin zhongkao, jarabawar gama ƙaramar sakandare, kuma yanzu kullum da safe sai an goge lambar da ke kusurwar allo an rage ɗaya. Tana ba ni labari tana dariya, amma ƙasan idonta ya yi baƙi. Shekararta 15.

Muka fara da ɗan littafin kalmominta. Turanci a hagu, Sinanci a dama, ta ninke shafin gida biyu don kada idonta ya saci amsa. Ina faɗa tana rubutawa, irin shiftar da malamarsu ke yi musu kowace safiya. Manhajar gwamnati ta 2022 ta ce ɗalibin da ya gama ƙaramar sakandare ya san kalmomi kusan 1,600, kuma na rantse yarinyar nan ta san su ciki da bai. Biyu kawai ta kuskure, nan take ta ciro wani littafin daban, wanda take tara kurakuranta a ciki, ta kwafe su da jan biro. Wannan littafin shi ne abin da ya fi burge ni a karatun yaran nan. Duk tambayar da ka faɗi sai ka kwafe ta, ka rubuta amsar daidai, ka rubuta dalilin da ya sa ka faɗi. Nata ya kumbura har ta ɗaure shi da roba.

Sai nahawu. Ga tambaya: kakansa ya rasu shekara uku ke nan, a cike gurbi, ko has died ko has been dead. Kafin in gama karanta jimlar ta zagaye ta biyun. Na ce ya aka yi kika sani? Ta ɗora bakin biro a kan for, ta buɗe bayan littafinta ta nuna mini jadawali. An raba musu aikatau gida biyu, masu faruwa farat ɗaya da masu daɗewa, kuma in aka ga for ko since dole a musanya: buy ya koma have, borrow ya koma keep, leave ya koma be away. Ni da na yi karatu da Turanci tun daga firamare har jami'a ba wanda ya taɓa zana mini wannan jadawalin. Kunnena ne kawai ke gaya mini wannan ya zauna, wancan bai zauna ba. Ita ba ta da kunnen, sai aka ba ta lissafi, kuma lissafin yana ci.

Ban ga laifin masu jadawalin ba. Aikatau a Sinanci ba ya canza kama, ko jiya ne ko gobe. Ba su da a, ba su da the, ba sa liƙa wa suna s don ya zama jam'i. Shi da ita ma a baki kalma ɗaya ce, "ta", sai a rubuce suke rabuwa. Yaron da ya taso a haka, in ba a kafa masa doka ba, ta ina zai kama?

Har nan lafiya lau muke. Insha'i ne ya ɓata mini dare.

Kamar kullum, an ce ta ɗauka ita ce Li Hua. Wannan Li Hua ɗin ba kowa ba ne, suna ne kawai da masu tsara jarabawa ke bai wa yara don kada wani ya rubuta sunansa na gaskiya a takarda, kuma shekara da shekaru yaran ƙasar nan ke rubuta wasiƙu da sunansa zuwa ga abokai Turawa da babu su. Yau an ce Li Hua ta ba wa ƙawarta ta Ingila labarin yadda ta yi hutun sabuwar shekara, kalmomi kamar 80. Xiaoyu ta riga ta rubuta a makaranta, dubawa kawai take so in yi. Rubutun hannun kamar na inji, haruffa zagayayyu, tsayinsu ɗaya, irin wanda suke kira salon Hengshui, sunan wata makaranta a lardin Hebei da ta yi suna wajen cin jarabawa. Ta buɗe da as we all know, ta rufe da last but not least. A tsakiya an share gida, an yi dumplings, wato kwaɓin fulawa da ake naɗe nama a ciki, da dangi, an karɓi jan ambulan na kyautar kuɗi, an ji daɗi ƙwarai. Babu kuskure ko ɗaya.

Na ce, "Xiaoyu, ashe kin iya dumplings, ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta yi ɗan murmushi. Ta ce, da Sinanci a hankali yadda zan gane, "Ayi, mu ba ma cin sa da sabuwar shekara. Na mutanen arewa ne. Mu 'yan Hunan ne." Ayi take kirana, wato anti.

"To me ya kawo shi nan?"

"Shi na iya rubutawa."

Na ajiye takardar. Na ce to bar Li Hua, ni ki ba ni labari, da Turanci, me kika yi a ƙauye? Ta sunkuyar da kai, ta ja hannun rigarta ta rufe yatsunta. Na yi shiru ina jira. Can ta fara, kalma ɗaya-ɗaya. Wai gidan kakarta akwai sanyi sosai, babu na'urar ɗumama ɗaki, sai wani tebur mai wuta a ƙarƙashi da aka lulluɓe da bargo, kowa ya zura ƙafafunsa ciki. A kan teburin nan ta yi takardun da aka ba su na hutu, kakar na gefe tana ɓare mata lemo tana tura mata a baki don kada ta ajiye biro. Kakar ba ta iya karatu ba, amma duk shafin da Xiaoyu ta gama sai ta karɓa ta duba, ta gyaɗa kai. Ranar da za su taho ta ƙi fitowa rakiya.

A cikin labarin nan kakar ta zama he ta koma she ta sake zama he. Jiya da yau duk sun cakuɗe. Ban gyara mata ko ɗaya ba. Tun da yarinyar nan ta fara shigowa gidan nan ban taɓa jin ta haɗa jimla uku nata na kanta ba sai yau. Na ce maza rubuta shi haka. Ta rubuta a bayan takarda, sannan ta karɓi jan biro da kanta ta bi layi-layi tana zagaye kurakurai, tana lissafa makin da kowanne zai cinye. Ta ce wancan na farkon zai samu kusan cikakken maki, wannan kuwa ko kusa.

Muna cikin haka uwarta, Xiaoyu Mama, ta shigo da ledar lemo. Kullum 'ya'yan itace take kawowa, ta san ba ma cin girkinsu, kuma ta san ba zan karɓi kuɗi ba. Daga shagon jakunkunan da take aiki a unguwar Sanyuanli take, ko takalmi ba ta cire ba ta tsaya a bakin ƙofa. Idonta ya sauka a kan takardar nan da ta yi jajir. Ta yi wa 'yar magana da yarensu na gida, gajeriya, ban tsinci komai ba, amma na ga kunnen yarinyar ya yi ja. Sannan ta juyo da fara'arta, ta danna wayarta, ta yi magana a ciki, ta miƙo mini fassarar.

"Hanif Mama, na gode ƙwarai da wahalar da kike yi. Don Allah ta riƙa yin takardun makaranta kawai. Hira sai bayan Yuni."

Na ce hao, hao, wato to, to. Na yi murmushi, na karɓi lemo, na raka su bakin lifta. Na dawo na zauna, miyar kukar ma ta fita a raina.

Abin da ke cina shi ne, ga ni zaune a gabanta, baƙuwa mai rai, mai jin Turanci, irin wadda ake ce wa Li Hua ta rubuta wa wasiƙa. An ce ta bar ni ta koma wajen ƙawar da babu ita, ta ba ta labarin abincin da ba ta ci ba. Ko maganar da za a gwada ta a kai ba da mutum za ta yi ba. A cikin maki 120 na Turanci a jarabawar garin nan, 30 na sauraro da magana ne, kuma gaban kwamfuta za ta zauna da abin ji a kunne, ta karanta rubutu da ƙarfi, ta saurari labari ta maimaita shi. Ita ma wannan akwai jimlolin da aka haddace mata.

Na so in ji haushin matar sosai, abin ya ƙi. Na san lissafin da take yi a kan hanyarta ta dawowa daga shago. Karatun dole a nan shekara 9 ne, daga nan zhongkao ce ke raba yara, wasu babbar sakandare da ke kai wa ga gaokao, jarabawar shiga jami'a, wasu makarantar koyon sana'a. Jimillar maki 810 ne, kuma maki ɗaya tak na iya sauya makarantar da yaro zai shiga. Su kuma rajistar gidansu, hukou, ta Hunan ce, ba ta Guangzhou ba, kuma gurbin da ake ware wa irin su a makarantun gwamnati kaɗan ne, don haka abin da ya ishi ɗan gari bai ishi Xiaoyu ba. Tun da aka kafa dokar 2021 da ta hana cibiyoyin lesin na kuɗi koyar da darussan makaranta, masu hali sun koma ɗaukar malami a ɓoye da tsadar gaske. Ita ba ta da wannan halin. Abin da take da shi maƙwabciya ce da ledar lemo. In na cinye mata rabin awa a labarin kaka, daga barcin yarinyar za a cire shi, don sai sha ɗaya ta wuce take kwanciya.

Sai ɗan'uwana Sadiq ya faɗo mini a rai. Duk gidanmu ba wanda ya kai shi zuba Turanci, har Baba kan ce ya yi masa tafinta. Amma kiredit ɗin nan ya gagare shi, ya sake zama ya sake faɗuwa, jami'a ta wuce shi, ga shi can a Farm Centre yana sayar da waya. Yana samun na kansa, alhamdu lillahi, ba raina sana'a nake yi ba. Sai dai na tuna yadda muke yaba masa baki, ba wanda ya taɓa zaunar da shi da tsofaffin takardun jarabawa da jan biro. Da Umma ta san da littafin kurakurai, da ta ɗaure masa shi a wuya.

Duk da haka ban huce ba. Jimlar da ta ce kakar na tura mata lemo a baki ta fi duk insha'in can, kuma yarinyar ta tafi da tunanin cewa ita ce marar kyau. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Na so a ce na gaya mata kafin uwar ta shigo.

Abban Hanif bai dawo ba sai wajen sha biyu, duk ya yi ƙura. Ina zuba masa abinci ina ba shi labari tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ai matar nan ta fi ki gaskiya, Maman Hanif. Ke Turanci kike so ta iya, ita makaranta take so ta samu." Na ce ai ban ce ba ta da gaskiya ba. Ya ce to mene ne na ɓacin rai? Ya ƙara miya. Mutumin da ke cinikin kwantena da kalkuleta da kalmomi goma, shi zai gane?

An fasa lodin ma, wai sai gobe, direba bai zo ba.

Alhamis za ta dawo. Ta ce babi na gaba passive voice ne, da takardun gwaji biyu na bara. Sai in nemo yadda suke kiransa da Sinanci kafin nan, in kuma sayo jan biro, nawa Hanif ya tauna.