Abin Da Ya Sa Injin Tsohuwar Taraktarmu Yake Hawa Da Sauka

Taraktar da muka gada daga mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, Massey Ferguson ce samfurin 135, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, kuma tamu daga masana'antar Coventry ta Ingila ta fito. Injinta na Perkins ne mai silinda uku, mai shan man dizal. A bana, ana saura makonni kaɗan ruwan shuka ya sauka, na tayar da ita bayan ta shafe rani a ƙarƙashin rumfa, sai na ji kukanta ya sauya. Na ajiye totur wuri ɗaya ban ƙara taɓa shi ba, amma injin sai ya ɗaga murya kamar an ƙara masa wuta, ya sauke har ya yi kamar zai mutu, sannan ya sake ɗagawa. Da na ɗaura haro na shiga gona, abin ya ƙara tsananta.

Bakaniken da na kira ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Alhaji, famfon inja ne ya gaji, sai an kwance shi an kai birni an ɗora a na'ura." Na ce masa: "Malam, ka ba ni kwana biyu tukuna." Ba raina saninsa na yi ba, sai dai na san cewa famfon nan, wanda ke tura mai da ƙarfi zuwa cikin silindar injin, shi ne mafi tsada a hanyar mai gaba ɗaya, kuma idan aka kwance shi a irin wannan lokaci, damina na iya yin nisa kafin ya dawo.

Famfon da ke jikin wannan injin ƙirar CAV ne, samfurin DPA, kuma a cikinsa akwai abin da bakanikai ke kira gwamna, wanda aikinsa shi ne riƙe gudun injin inda direba ya ajiye shi. Wasu ƙananan ƙarafa ne masu nauyi da ke juyawa tare da injin suna ja-in-ja da sifirin. Idan gudu ya ragu, sifirin ya rinjaya, ƙofar mai ta ƙara buɗewa. Idan gudu ya yi yawa, ƙarafan su buɗe su rage man. To, idan man da ke isowa yana zuwa da kumfar iska, ko yana yankewa, injin zai rage gudu, gwamna ya buɗe ƙofa sosai, sai tsantsar mai ya iso a lokacin da ƙofar take a wangale, injin ya zabura, gwamna kuma ya rufe. Wato a mafi yawan lokuta gwamnan lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi, abin da ake ba shi ne ba daidai ba. Wannan fahimtar ce ta sa na fara bincike daga tanki.

Na fara da murfin tankin, domin idan ƙaramar hudar shan iskarsa ta toshe, mai ba ya sauka yadda ya kamata. Na sassauta shi injin yana aiki, ba abin da ya canza. Na duba kofin gilashin da ke ƙasan filta ta farko, na ga ruwa kwance kamar kaurin yatsa da jan laka a ƙasansa, na zubar, na sauya filtocin biyu da robobinsu. Hawa da saukan ya ɗan ragu, amma bai tafi ba.

Gwajin da ya raba gardama mai sauƙi ne. Na zare bututun da ke tahowa daga tanki, na sa farin tiyo wanda ake ganin cikinsa daga jarkar mai tsaftatacce zuwa ƙaramin famfon da ke jawo mai, na rataye jarkar a sama. Bayan ɗan lokaci injin ya daidaita tamkar ba shi ba. Da na mayar da bututun tankin, na saka guntun farin tiyon a gaban ƙaramin famfon, sai ga ƙananan kumfa suna bin juna kamar jerin tururuwa. Na juye man tankin, na kwance makunnin da ke ƙasansa, na tarar da ragar tace man da ke kansa ta lulluɓe da tsatsa, ramukan da suka rage a buɗe ba su taka kara sun karya ba. Saboda man ba ya wucewa, ƙaramin famfon yana zuƙa da ƙarfi, shi ya sa yake jawo iska ta wata mahaɗa da ta sassauta. Abin da ke ɓatar da mutane a nan shi ne irin wannan mahaɗa ba lallai ta ɗiga mai ba, don haka ido ba ya kama ta.

Na wanke tankin da ragar, na sauya bututun, sannan na cire iska bi da bi: na sassauta notin saman filta ina danna hannun ƙaramin famfon har mai ya fito ba kumfa, na yi haka a notocin cire iska guda biyu da ke jikin famfon inja, na ƙasa kafin na sama, daga ƙarshe na sassauta bututan nozul, wato bakunan da ke fesa mai cikin silinda, na murza injin. Idan hannun famfon ya ƙi kamawa, a ɗan juya injin, zai kama. Kada kuma a kai hannu kusa da bututun nozul injin yana juyawa, domin man da ke fita da wannan ƙarfi yana iya huda fata.

Da gwajin jarkar bai daidaita injin ba, da na yarda da maganar bakaniken, domin ƙofar man da ke cikin famfon takan maƙale idan tarakta ta daɗe a ajiye da ruwa a cikin manta, sifirin ɗin gwamna ma yakan saki, kuma wannan aiki ne na masu na'urar gwaji, ba na gindin bishiya ba. Bakaniken ma da ya dawo ya ji kukan injin, dariya ya yi ya karɓi ragar da na ajiye masa yana jujjuyawa. Yanzu man da na sayo a jarka sai ya kwana ya kwanta kafin in tace shi cikin tanki, kuma da yamma nake cika tankin, don kada raɓar dare ta sami wurin taruwa a cikinsa.