Zuwa Ga Mutanen Maradi: Inda Ake Biyan Kuɗi A Kalli Fitowar Rana

Ƴan uwa, ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Tun da hoton nan nawa na cikin hamada ya zaga WhatsApp kun hana ni sakat. Wasu sun ce na dawo a ɓoye na wuce Agadas, Baba kuma ya aiko a tambaye ni me na je nema a daji. To ga amsa ɗaya ta kowa. Batun biza da Yaya ya tambaya ma zan taɓa.

Wurin da ke hoton gandun dajin Death Valley ne, wato Kwarin Mutuwa, a Kalifoniya ta Amurka, kamar awa biyu a mota daga Las Begas. Ruwan da wurin ke samu a shekara bai kai milimita 60 ba, mu masu kukan fari a Maradi muna samun wajen 500. A nan aka taɓa auna zafi digiri 56.7, a watan Yuli na 1913. Amma duk da haka sai mota ta biya dalar Amurka 30 don ta shiga.

Tun kafin asuba muka hau tudun Zabriskie, muka tarar da jama'a sun riga mu. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, kowa ya ƙudundune cikin bargo, don sanyin wurin da hunturu har cikin ƙashi yake shiga. Wai duk rana suke jira! Ita kuwa ta bayan mutum take fitowa, ba ma ita ake kallo ba. Duwatsun Panamint da ke gaba ake zuba wa ido. Haske ya fara taɓa ƙoluwarsu mai dusar ƙanƙara, ja-ja, sannan ya gangaro sannu a hankali har tuddan da ke ƙasan ƙafarmu suka koma ruwan zinariya. Wallahi akwai kyau.

Daga nan muka taka da ƙafa cikin kwazazzabon Golden Canyon. Dokoki kam sai wanda ya gani. Ana so kowa ya tanadi ruwa lita huɗu na yini guda. Da bazara sun ce kada a yi tattaki a kwarin bayan ƙarfe goma na safe. Ba a sauka daga hanya da mota, ba a shiga da kare hanyar ƙafa, ko tsakuwa ba a yarda ka sa a aljihu ba. Har muka fito ban ga leda ɗaya a ƙasa ba, kuma babu mai gadi a bayan kowa.

Mu ma ai muna da namu: Gadabeji na can wajen Dakoro, gandu ne tun 1955, a 2018 har raƙuman dawa aka kai can daga Kure. Cikinku wa ya taɓa kai ƴaƴansa? Malaman lakwal, ko tafkin Madarunfa ne ai ya isa fita da yara ranar Asabar, a tafi da buhun kwashe shara.

Batun biza kuwa, Yaya, takardun da yawa, kuma dare ya yi a nan. Ka kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku.