Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Silimar Regal

A makon jiya na tsaya a inda aka yi wa Yaya aiki a Mumbai. Kwana tara ina zaune a gefen gadonsa, ranar na goma ya dube ni ya ce, "Kai Ƙane, tashi ka je ka sha iska, fuskar nan taka ƙara mini ciwo take."

Na hau tasi zuwa unguwar Colaba da niyyar ganin Gateway of India, wata babbar ƙofar tarihi a bakin teku. Kafin in isa bakin ruwa sai ga Regal a kan shataletale. Ni da na sha bulala a Kano saboda fim ɗin Indiya, ina zan wuce?

A 1933 aka buɗe ta. Wani ɗan al'ummar Parsi ta Indiya, Framji Sidhwa, shi ya zuba kuɗin, Charles Stevens ya zana ginin, ɗan wanda ya zana babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin. Daga waje ba ta da wani kwalliya, siminti ne da miƙaƙƙun layuka, salon da suke kira Art Deco. Ciki ne abin kallo. Madubai ta ko'ina, ga zanen hasken rana mai ruwan lemo da kore, aikin wani mutumin ƙasar Cek a Turai, Karl Schara. Na dafa ƙarfen matakala, ya yi sulɓi don yawan hannaye. Wai a 1933 mutanen nan sun sa na'urar sanyaya ɗaki, har da wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa! Tamu silimar ko rufi ba ta da shi, in hadari ya haɗo sai kowa ya ɗora kwali a ka, yanzu ma rumbun ajiye taki ce.

Amma ba ginin ne ya fi tsaya mini a rai ba. A layin tikiti wata tsohuwa ce gabana da jikokinta biyu, suna rigima kan samosa. A wajenmu wanda aka gani a ƙofar silima ɗan iska ne, shi ke nan. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, amma sai da na waiga kafin in shiga, kamar Baba na bayana.

Aka sa taken ƙasarsu, kowa ya miƙe, ni ma na miƙe. Ana zama wayata ta yi ƙara. Lambar asibiti ce.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.