Daren da na kusa ajiye kwas biyu da hannuna

Ni mai sikila ne, tun ina yaro na san ciwona, na kuma san sanyi ba ya min da kyau, amma wallahi sanyin Amurka daban ne. A shekarata ta biyu a jami'a, cikin watan Fabrairu, ciwon ya tashi min a ƙirji da gadon baya sai da aka kwantar da ni kwana 9. Da aka sallame ni ko matakalar hostel ba na iya hawa sai na tsaya na huta sau biyu, ga magungunan kashe zafi suna sa ni barci da rana tsaka, ga gwaji biyu sun wuce ni, ga rahoton lab har uku ban rubuta ba. Kwas huɗu nake ɗauka a wannan zangon, kiredit 13, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin kwasa-kwasai da shi.

Wani dare wajen ƙarfe ɗaya na buɗe kwamfuta na shiga shafin rajista, na sa alama a kan kwas biyu da suka fi min nauyi, saura kawai in danna in ajiye su. A tunanina ai kuɗina ne, karatuna ne, in na rage kaya wa na cuta? Allah Ya taimake ni na fara tura wa wani babban yayanmu da ke digiri na uku saƙo, ina gaya masa abin da zan yi. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga kiransa. Ya ce ƙanena don Allah cire hannunka daga kwamfutar nan, kar ka taɓa komai sai ka ga mutanen ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje. Na ce Yaya ai ba ni da lafiya ne, kowa ya sani, asibitin ma yana da rekod ɗina. Ya ce sanin kowa ba shi ne izini ba.

A daren ya zaunar da ni ta waya ya yi min bayanin da da ma an yi mana a makon farko da muka zo, lokacin hankalinmu yana kan neman ɗaki da layin waya. Mai bizar karatu ta F-1 da ke digiri na farko dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a kowane zango, kuma a cikin 12 ɗin nan kwas ɗaya tak, kiredit 3, aka yarda ya zama na intanet. Masu digiri na biyu da na uku makaranta ce ke yanka musu nasu, yawanci 9. Duk wanda ya sauka ƙasa da haka ba tare da jami'in makaranta da ake kira DSO ya shigar masa da izini a rumbun gwamnati na SEVIS ba, to ya karya sharaɗin zamansa ko da daga kan gadon asibiti ya danna. Da na ajiye biyun nan da na koma kiredit 6 ko 7, shi ke nan.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dokar da nake tsoro ita da kanta ta bar wa mara lafiya ƙofa. Ana iya rage maka kaya saboda rashin lafiya har zuwa babu kwas ko ɗaya, kana zaune a ƙasar kana jinya kuma takardunka lafiya lau. Sai dai akwai iyaka, wata 12 ne jimilla a kowane matakin digiri, kuma ba a ba ka su a dunƙule, kowane zango sai ka kawo sabuwar takardar likita an sake sa maka hannu. Akwai wani ragin na daban ga wanda Turanci ko salon koyarwa ya ba shi wahala a farkon zuwa, shi sau ɗaya ne kuma ba ya sauka ƙasa da kiredit 6, kar a haɗa su.

Washegari na je ofishin da takardar da aka ba ni a asibiti, ina ganin an gama. Matar da ke wurin, wato DSO ɗin, ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta ce sannu da jiki, sannan ta nuna min ƙasan takardar da biro. Nas ce ta sa hannu, kuma abin da aka rubuta kawai shi ne an kwantar da ni daga rana kaza zuwa rana kaza. Ta ce wannan ba za ta shiga ba, dole likita mai lasisi ko ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ya sa hannu, kuma ya faɗa ƙarara cewa yana ba da shawarar a rage min karatu a wannan zangon. Raina ya ɓaci sosai a lokacin, don komawa asibitin nan a cikin ƙanƙara da jikina a haka ba ƙaramin aiki ba ne, kwana 6 na yi ina bibiya kafin likitan jini ya rubuta. Amma ta gaya min wata magana da ta kwantar min da hankali, ta ce ba sai an zayyana mata sunan ciwona ba, shawarar likitan kawai take buƙata. Ni kuwa da ma abin da ya hana ni zuwa tun farko ke nan, ba na son a riƙa kallona a matsayin mara lafiya.

Wannan kunyar ita ce ke cin mutanenmu, na gani da idona. Akwai wani ɗan uwa da muke sallar Juma'a tare, ciwon damuwa ya kama shi, ya daina fita aji, ya daina ɗaga waya, bai gaya wa kowa ba saboda a ganinsa ta yaya zai ce wa iyayen da suka sha wahala suka turo shi wai zuciyarsa ce ba lafiya. Ya ajiye kwasa-kwasai shi kaɗai a ɗaki, aka rufe masa rekod ɗinsa na SEVIS. Alhali damuwa tana cikin abin da ake karɓa, takardar likitan ƙwaƙwalwa ta isa. Sai da ya koma cike fom I-539 yana roƙon hukumar shige da fice ta USCIS ta mayar da shi kan matsayinsa, ya biya kuɗi, ya yi watanni yana jira, ba shi da damar yin aiki ko a cikin makaranta. Har yau in na tuna shi sai in ji da ma mun ƙwanƙwasa ƙofarsa da wuri, mu ma muna da laifi a ciki.

Wani abin da na koya kuma, izinin DSO biza kawai ya kare min, sauran lissafin yana nan. Tallafin karatuna yana da nasa sharaɗin na yawan kiredit, sai da na rubuta musu daban. Kuɗin makaranta bai dawo ba don lokacin mayarwa ya wuce. Inshorar lafiya ita ce ta fi ba ni tsoro, a makarantu da yawa tana ɗaure da rajista, in ka sauka zuwa babu kwas ko ɗaya tana iya yankewa daidai lokacin da ka fi buƙatarta, kuma mai sikila ba inshora a Amurka Allah Ya kiyaye. Saboda haka ne ma na riƙe kwas biyu ban ajiye duka ba.

Mahaifiyata ta ce in dawo gida kawai in warke, kuma har ga Allah na so. Amma in ka janye gaba ɗaya da izini kwana 15 ake ba ka ka bar ƙasar, in kuma ka wuce wata 5 a waje sai sabuwar I-20, wato takardar shaidar karatu da makaranta ke ba ɗalibi ɗan ƙasar waje, da sabon kuɗin SEVIS dala 350, sannan a sake ƙirga maka shekarar karatu guda da ake buƙata kafin a ba ka izinin aikin horo. Wasu komawar ce ta fi musu alheri kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan, lafiya uwar jiki. Ƙawar ƙanwata da ke Kanada ta ce su hutunsu na izini kwana 150 ne, a Ingila kuma in hutu ya haura kwana 60 makaranta kan sanar da hukuma a rage bizar, to kowa ya tambayi na ƙasar da yake.

Na gama wannan zangon da kwas biyu, na ci duka. Kwasan da na ajiye sun tura min kammalawa gaba da zango ɗaya, don haka tun kafin ranar da ke kan I-20 ɗina ta cika na koma wajen matar nan da takardun jinyar ta ƙara min lokaci, don in ranar ta wuce ba ta da ikon ƙarawa. Ta buga sabuwar ta miƙo min, ta ce saura min wata bakwai da 'yan kwanaki a cikin 12 ɗin, in jikin ya sake motsawa in fara biyowa ta wajenta. Lokacin sanyi na gaba ya motsa ɗin, kwana 3 na yi a asibiti, tun ina kan gado ruwa na shiga hannuna na tura mata saƙo.