Ranar da birkin motar mahaifina ya yi tauri

A-kori-kurar da mahaifina ya bar mini Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kuma da ita nake kai kaya kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis daga ƙauyenmu na wajen Gumel. Wata safiya na taka birki don in kauce wa amalanke, sai na ji fedar ta yi tauri kamar dutse, motar kuwa ba ta tsaya ba sai da na danna da dukan ƙarfina.

Nan take na yanke cewa busta ce ta mutu, wato baƙar tukunyar nan da ke amfani da zuƙar iskar injin wajen sauƙaƙa wa ƙafa taka birki. Har na shirya tafiya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano in sayo wata, sai tsohon bakaniken da ya koya mini riƙon sifana ya dakatar da ni. Ya ce, “Ɗana, ka auna tukuna.” Na ce, “To, Baba.”

Muka kashe injin, na taka feda sau biyar, na riƙe ta, sannan na tayar. Ya kamata ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafata, amma da ƙyar ta motsa. Baba ya cire bawul ɗin da ke bakin tiyon busta ya gwada da bakinsa, ya ga iska na wucewa ta gefe ɗaya kawai, alamar yana nan lafiya. Daga nan muka ɗaura agogon auna zuƙa a kan tiyon, busta a ware. Lafiyayyen injin yana ba da inci 17 zuwa 21 idan yana silo. Namu ya tsaya a 12, allurar ba ta rawa. Ashe laifin ba na busta ba ne, injin ne ba ya zuƙa sosai, kuma na gane cewa da na sayo sabuwa da na yi asarar kuɗina.

Da na kara kunne kusa da kafireta, sai na ji wani ɗan siririn huci, domin gaskit ɗin da ke ƙarƙashinta ya bushe ya tsage saboda zafi da shekaru. Muka canza shi, allura ta hau 15. Baba ya ce taimin, wato lokacin da wuta ke kunna fetur a cikin injin, ma ya yi latti, ya ɗan juya distirbuta, mai rarraba wutar, a hankali har allurar ta kai 18.

Na gwada motar a hanyar gona kafin la'asar, kuma da ɗan takawa kaɗan ta tsaya cak.