Godiya ga Waɗanda Suka Riƙe Mana Ɗiya a Kasala

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, ni da mai ɗakina muna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Madani da Maiwurno da Gadarif da Kasala, har da waɗanda ke Saudiyya da Najeriya, cewa ɗiyarmu ta kammala jarrabawar shekarar farko a tsangayar ilimi ta Jami'ar Kasala da ke gabashin Sudan, kuma ta iso gida lafiya. 'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Waɗanda zan gode wa ma na sakaya sunayensu, domin na san halinsu, ba sa son a yi shelar alherinsu.

Kowa ya san abin da ya sami 'yan ajinsu. A tsakiyar 2023 ya kamata su zauna jarrabawar Shahada, wato ta kammala sakandare a Sudan, sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, cikin azumi. A watan Disamba na shekarar ya iske mu har Madani, muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka muka nufi Gadarif, ni kuwa kan keken ɗinkina na naɗe a bargo. Ba a yi jarrabawar ba sai 28 ga Disamba 2024. A wannan tsakanin an aurar da 'yan mata da yawa daga cikin sa'o'inta, samari kuma wasu sun shiga gonakin riɗi, wasu sun tafi haƙar zinariya. Abin da ya hana littafi suɓuce wa tamu shi ne wani malamin lissafi, wanda shi ma gudun hijira ya kawo shi, da yake tara yara a farfajiyar masallaci bayan la'asar yana rubutu da gawayi a jikin kwali, ba ya karɓar ko sisi. Malam, darussa bakwai ake haɗawa a fitar da makin ɗalibi, kai ɗaya ka koyar, amma da ba ka tsaya ba da babu ko ɗaya. Allah ya saka maka da alheri.

Da sakamako ya fito, ɗan yayana ne ya cika mata takardar neman gurbi ta intanet, ya zauna da ita suna auna makinta da abin da kowace tsangaya take nema. Kuɗin rajista kuwa sun fi ƙarfina, har na kai keken kasuwa an yi masa kuɗi. Labari ya kai wa kawunta a Jidda, ya kira ni cikin dare ya ce: "Yaya, in ka sayar da keke, da me za ka ciyar da ƙannenta?" Kafin asuba kuɗi sun shigo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kuma bai taɓa tayar da zancen ba tun daga ranar. Ina kuma gode wa dattawan da suka ba ni shawarar in aurar da ita maimakon in tura ta garin da ba mu da kowa. Tsoro ne na gaskiya ya sa suka faɗa, kuma da na ƙi bin shawarar ba su fasa sa mata albarka ba.

Mu iyaye muna ɗauka cewa da yaro ya sami gurbi an gama. A ganina samun gurbin shi ne mai sauƙi, zaman watannin farko ne ke kayar da yara. A sakandare malami ya san sunanka, ya san gidanku, in ba ka zo ba a aiko. A jami'a malami zai shigo babban ɗaki ya yi bayani ya fita, wanda ya rubuta ya rubuta. Yarinyar da ta yi kusan shekara biyu rabonta da aji, wadda ƙarar babur ma takan firgita ta, ita ce aka ce ta riƙe kuɗinta da lokacinta da cikinta ita kaɗai. Takan kira mahaifiyarta bayan isha tana kuka, tana cewa a zo a ɗauke ta, ba ta fahimtar komai.

A nan ne Allah ya haɗa mu da Hajiya, wadda yanzu duk gidanmu ke kira Gwaggo. Ba mu haɗa jini ba. Wani limami ne ya ba mu lambarta, ya ce Bahaushiya ce mai tuyar kisra, wato gurasar dawa mai faɗi maras kauri, gidanta ba ya rabo da baƙi. Ta karɓi yarinyar a tasha, ta ba ta gado a ɗakin jikokinta har ta sami wuri a ɗakin kwanan ɗalibai. Da maganar komawa gida ta yi ƙarfi, Gwaggo ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ce kowace Juma'a ta zo da littattafanta, ta zaunar da ita kusa da murhu, ta ce: "'Yar nan, karanta mini abin da aka koya muku, ni ban yi boko ba, sai kin sa na gane za ki tashi." Haka take juya ƙullu a kan kasko tana yi mata tambayoyi, yarinya tana bayani da Hausa abin da aka faɗa da Larabci, har ta gano da kanta cewa ashe tana fahimta. Da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita ana dab da jarrabawar zangon farko, Gwaggo ce ta ɗauko raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta kai ta asibiti, ta kwana a kan tabarma a gefenta, ba ta sanar da mu ba sai da jiki ya yi sauƙi. Gwaggo, ba mu da abin biyanki. Allah ya sa ki gama da duniya lafiya, ya jiƙan mahaifanki.

Ina gode wa abokan ɗakinta, ɗaya Bahadandawiya, wato 'yar ƙabilar Hadandawa, ɗaya 'yar Umdurman da yaƙi ya koro, waɗanda suke haɗa kuɗin ful, wato dafaffen wake, da burodi a gwangwani ɗaya, suka kuma kwafe mata duk darasin da ta rasa tana kwance. Su ne suka kai ta gindin dutsen Totil ta sha ruwan rijiyar nan da mutanen Kasala ke cewa wanda ya sha sai ya dawo garin. Mahaifiyarta kuwa, wadda take danne nata kukan har sai ta kashe waya, ita ta san abin da ta haɗiye, kuma ina shaida mata a gaban jama'a.

Bayan hutu ɗiyarmu za ta koma shekara ta biyu in Allah ya yarda. Duk wanda ɗiyarsa ta sami gurbi a Kasala bana, ya yi mini magana ta saƙo. Ɗiyarmu ta ce za ta tarye ta a tasha ta nuna mata wurin rajista, Gwaggo kuma ta ce a kawo. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya zaunar da Sudan lafiya.